Ƙanina Ya Koma Shan Ƙwaya Bayan An Sallame Shi, Ina Za Mu Kai Shi?

Assalamu alaikum Anti. Ina da ƙani ɗan shekara 24. Shekara huɗu ke nan yana shan tiramadol, daga baya ya haɗa da kodin, da daddare kuma sai ya sha diyazefam kafin ya iya barci. Bara ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga a wurin aikinsa, muka kai shi wata cibiya suka riƙe shi mako biyu, suka ce ƙwayar ta fita daga jikinsa tas. Ko wata ɗaya bai cika a gida ba ya koma. Yanzu kan gidanmu ya rabu. Baba ya ce a kai shi wani wuri da ya ji labari, inda ake kulle su wata shida babu fita, mai taurin kai kuma a ɗaure shi. Mama ta ce babu inda za a kai mata ɗa, a rufe shi a ɗaki a yi ta addu'a, tana tsoron bakin mutane. Shi kuwa ya ce ya gaji, yana so ya daina, amma ba zai yarda a sake kwantar da shi ba don zai rasa aikinsa. Ya ce zai riƙa zuwa ganin likita daga gida. Ni na biya kuɗin wancan karon, ni kowa yake kira idan abu ya faru, ga kuma nawa iyalin. Wani lokaci sai in ji kamar in bi bayan Baba ko na huta, sai kuma in ga kamar ba ni da imani. Wane irin magani ne na gaske? Yaya zan yi?

Daga wata 'yar'uwa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da ɗawainiya. Bari in fara da abin da ya fi cin ranki, wato tunanin nan na ki bi bayan Baba ko kya huta. Gajiya ce ke magana. Marar imani ba za ta zauna ta rubuto tana tambayar wane magani ne na gaske ba. Duk wanda ake kira dare da rana a kan matsala guda, dole wata rana zuciyarsa ta nemi inda za ta sauke. Kada ki ƙara wa kanki hukunci a kan nauyin da kike ɗauke da shi.

A cikin wasiƙarki akwai magana guda da nake so ki riƙe da hannu biyu. Ƙaninki da bakinsa ya ce ya gaji, har ya faɗi hanyar da zai yarda ya bi. Iyalai da yawa shekaru suke kwashewa suna jiran wannan kalma ba su ji ta ba. Duk shawarar da za ku yanke, ku auna ta da wannan: za ta raya niyyar da ya yi, ko kashe ta za ta yi?

Mako biyun da ya yi bara, abin da aka yi masa shi ne fitar da ƙwaya daga jiki, a lallaɓa shi har ya wuce kwanakin da jiki ke kukan neman abin da ya saba da shi: zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi, yawan hamma, rashin barci. Ga masu shan irin su kodin, wannan yakan fara cikin awa 8 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe, ya ɗauki kwana 4 zuwa 10. Aiki ne mai amfani, amma sharar gona ce kawai, kuma wanda ya share gona bai shuka komai ba, ciyawa ce za ta riga shi dawowa. Ƙwaya tana barin jini cikin kwanaki, ƙwaƙwalwa kuwa watanni take ɗauka kafin ta sake koyon yin barci, da jin daɗi, da jure ɓacin rai ba tare da ita ba. An sallame shi ya dawo ɗakinsa, ga lambobin masu sayar masa a wayarsa, ga abokan da suka saba, babu wanda aka ce ya koma ya gani mako mai zuwa. Komawarsa ba ta nuna cewa ba ya jin magani ba, don maganin ma ba a fara shi sosai ba. Ko waɗanda aka yi wa cikakken magani, cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 sukan sake zamewa, adadin da bai kai na masu hawan jini da asma ba, waɗanda kashi 50 zuwa 70 ciwonsu kan tashi bayan ya lafa. Babu wanda ke cewa mai hawan jini ya ci amana don jininsa ya sake hawa. Komawa ake yi wurin likita a gyara tsarin magani.

Yanzu ga maganar Mama. Na fahimce ta sarai. Uwa ce, tana so ɗanta ya kasance inda idonta zai gan shi, kuma bakin mutane yana da ciwo. Addu'arta kuwa ana buƙatarta daga farko har ƙarshe. Sai dai rufe shi a ɗaki a yanke masa komai rana ɗaya abu ne da zai iya halaka shi, kuma ina so ki faɗa mata haka ba tare da kwana-kwana ba. Diyazefam da 'yan'uwansa ba a daina su farat ɗaya idan jiki ya saba. Yankewar gaggawa tana iya kawo jijjiga, da ruɗewa, har a rasa rai. Likita ne ke rage su kaɗan-kaɗan cikin makonni, wani lokaci watanni. Shi kuma tiramadol, ko marar lafiyar da likita ya rubuta wa ba a so ya wuce miligiram 400 a rana, saboda yawansa yana jawo jijjiga, kuma akwai yiwuwar abin da ya kayar da ƙaninki bara ke nan. Barinsa ma yana zuwa da firgici da ruɗu fiye da na sauran dangin kodin. Mutumin da ya taɓa jijjiga, yake haɗa waɗannan ukun, ba a gida ake yanke masa ba.

Baba ma ba mugunta ce ta sa shi faɗin abin da ya faɗa ba. Ya ga an bi ta lalama ba ta yi ba, ya ga ɗansa na neman hallaka, sai ya ɗauka tsanani ne ya rage. Kuma akwai gaskiya a cikin tunaninsa: mako biyu sun yi kaɗan, kuma yaron yana buƙatar nisa da inda yake samun ƙwaya. Inda na rabu da shi shi ne wurin da ya zaɓa. Duk inda ake ɗaure mutum, ana dukansa ko hana shi abinci da sunan gyara, kada ku kai shi, ko da kyauta ne. Tun a shekarar 2012 hukumomi 12 na Majalisar Ɗinkin Duniya, ciki har da Hukumar Lafiya ta Duniya, suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa suna kira da a rufe wuraren tsare masu shaye-shaye da ƙarfin tsiya, saboda babu hujjar da ta nuna suna warkarwa, ga kuma cin zarafin da ake yi a cikinsu. A 2020 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan ɗaure masu larurar ƙwaƙwalwa da sarƙa a ƙasashe 60, wasunsu sun yi shekaru a ɗaure. Wanda aka kulle bai daina ba, rasa abin ya yi. Ga kuma haɗarin da iyaye ba su cika sani ba: bayan watanni babu sha, jiki yana manta sabon da ya yi. Ranar da ya fito cike da haushi ya sha adadin da yake sha a da, wannan adadin zai iya tsayar masa da numfashi. Makonnin farko bayan fitowa daga kulle, ko gidan yari ne ko cibiya, suna cikin lokutan da aka fi mutuwa ta wannan hanya. Cibiya ta gaskiya ita ma tana da doka, tana da lokacin kwanciya da na tashi, tana bincika kayan da ake shigowa da su. Amma da yardar mutum yake shiga, likita na dubansa, iyalinsa na iya ganinsa. Idan har an kai ga riƙe mutum ba da son ransa ba, to sai idan yana neman kashe kansa ko cutar da wani, kuma a asibiti, bisa doka, na ɗan lokaci.

Matakin farko ba zaɓen wuri ba ne. Ku kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa ko likitan da ya ƙware a kan shaye-shaye, ya zauna da shi ya auna shi. Me yake sha, nawa, tun yaushe, ya taɓa yin allura, yaya barcinsa yake, yana da ciwon damuwa ko fargaba, ya taɓa tunanin kashe kansa? Me ya sa ya fara tun asali: ciwo ne, ƙarfin aiki yake nema, ko wani baƙin ciki yake binnewa? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi, don sau da yawa ƙwaya maganin wani ciwo ce da mutum ya rubuta wa kansa, kuma idan ba a yi maganin ciwon tare da ita ba, zai koma. Ki roƙe shi ya faɗa wa likita gaskiyar adadin da yake sha. Idan kunyarku za ta sa ya rage, ku fita ku bar su su biyu.

Daga nan ne za a san matakin da ya dace da shi, don maganin hawa-hawa ne. A can sama akwai kwanciya a asibiti, ga wanda yankewa ke da haɗari gare shi. Sai cibiyoyin kwana, wasu na kimanin wata ɗaya, wasu na wata uku, akwai kuma masu dogon zango na wata 6 zuwa 12 inda masu murmurewa ke zaune tare, kowa da aikin da aka ɗora masa, suna gyara wa juna zama. Irin waɗannan sun fi dacewa da wanda gidansa ba wurin warkewa ba ne, ko wanda ya gwada daga gida sau da dama abin ya faskara. Ƙasa da su akwai na jeka-ka-dawo, shi ma kala-kala: wanda ake wuni a asibiti a kwana a gida, wanda ake zuwa sau uku ko huɗu a mako na aƙalla awa 9 gaba ɗaya, da wanda ake ganin likita da mai ba da shawara sau ɗaya a mako. Mutum yakan fara daga sama ya riƙa saukowa, idan ya zame a ɗan mayar da shi sama. Abin da bincike ya fi nanatawa shi ne tsawon lokacin da mutum ya yi yana cikin kulawa. Ƙasa da kwana 90, a kwance ne ko daga gida, amfaninsa kaɗan ne.

To ina ƙaninki ya faɗa a nan? Kada ku raina maganar aikinsa. Aiki yana ba shi dalilin tashi da safe, yana riƙe masa mutuncinsa, kuma yana cikin abubuwan da ke taimaka wa mutum ya tsaya bayan magani. Wanda aka ƙwace masa aiki aka kulle shi wata shida, zai fito babu abin yi, kuma zaman banza abokin ƙwaya ne. Amma shi ma dole ya sassauto. A ganina, kuma likita ne zai tabbatar, saboda jijjigar da ya yi da diyazefam ɗin da yake sha, farkon tafiyar ya kamata ya kasance a gadon asibiti na ɗan lokaci, ya nemi hutun rashin lafiya a wurin aiki. Daga nan, ba tare da tazarar ko da mako ɗaya ba, ya shiga na jeka-ka-dawo mai yawan zuwa na aƙalla wata uku, sannan a ci gaba da bibiya har shekara. Kada ku bari a sallame shi sai an rubuta ranar da zai dawo da sunan wanda zai gani. Abu ɗaya ki bincika a natse: idan a wurin aikin ne yake samun ƙwayar, ko da ita yake iya aikin, to lissafin ya canza, kuma sai a yi maganar sauya wuri.

Akwai magunguna, kuma ina so ki san da su don kada a ba ku tsoro. Ga wanda ya kamu da dangin kodin, likitoci suna amfani da metadon ko bufrenofin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cikin jerin muhimman magunguna tun 2005. Suna kwantar da ƙishirwar ƙwaya, su hana ciwon yankewa, mutum ya iya zuwa aiki da hankalinsa. Za ki ji wani ya ce ai musanya ƙwaya da ƙwaya ne. Ba haka ba ne. Adadi ne sananne, a lokaci sananne, a hannun likita, kuma bincike a ƙasashe da dama ya nuna masu shan su haɗarin mutuwarsu yana raguwa da kusan rabi. Ba na mako biyu ba ne, metadon akan so a yi aƙalla shekara a kansa. Akwai kuma naltirekzon, wanda ke toshe daɗin ƙwayar gaba ɗaya, amma ba a fara shi sai mutum ya yi kwana 7 zuwa 10 babu komai a jikinsa. Wanne ya dace da mai shan tiramadol da diyazefam tare, wanne ake samu a inda kuke, wannan hukuncin likita ne. Naki shi ne ki tambaya, kada kuma kowa ya sayo masa su a bayan fage.

Magani kaɗai ba ya koya wa mutum yadda zai yi da ƙarfe goman dare idan barci ya ƙi zuwa, ko ranar da aka biya shi albashi, ko idan tsohon aboki ya kira. Wannan aikin zama da mai ba da shawara ne. A can zai gano abubuwan da ke tayar masa da sha'awa, ya koyi cewa sha'awar tana hawa ta sauka idan aka jure ta, ya shirya tun da wuri abin da zai ce da inda zai nufa. Wasu shirye-shiryen suna gwada fitsari a kai a kai, su ba da 'yar kyauta duk lokacin da ya fito babu ƙwaya, kuma wannan dabara, duk da sauƙinta, tana aiki. Sai ƙungiyoyin masu murmurewa, irin su Narcotics Anonymous da aka kafa a Kalifoniya a 1953, wadda yanzu take da taruka a ƙasashe da yawa har da ta intanet, ba a biyan kuɗin shiga. Ba sa maye gurbin likita. Amfaninsu shi ne zai zauna da mutanen da ba zai iya yi wa ƙarya ba, don duk ƙaryar da zai yi sun riga shi yin ta.

Idan kun tashi duba cibiya, ki je da ƙafarki. Ki nemi ganin takardar izininsu, ki tambayi sunan likitan da ke zuwa da ranakun zuwansa, wa ke kwana da marasa lafiya, me suke yi idan wani ya fara jijjiga, yaya suke rage diyazefam, me mutum ke yi daga safe zuwa dare, yaushe iyali ke ziyara, wane shiri ne bayan sallama. Ki ce a nuna miki ɗakunan kwana. Wanda ya hana ki gani, ko ya yi miki alkawarin warkewa ɗari bisa ɗari, ki kama hanyarki.

Game da gida, kada ki tara kowa a zauna a yi wa yaron taron dangi. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1999 kan iyalan mashaya giya da suka ƙi magani, iyalan da aka koya wa yin magana cikin natsuwa, da yaba kowane ɗan ci gaba, da daina rufa wa mutum ɓarnarsa, sun shawo kan kashi 64 cikin 100 sun shiga magani. Waɗanda aka shirya su don su tunkare shi gaba da gaba, kashi 30 suka samu. Ki sami Baba shi kaɗai, ki fara da inda yake da gaskiya, ki ce masa kin yarda mako biyu ba su isa ba, kuma kin yarda sai da tsari mai ƙarfi. Ki roƙe shi ya raka ku wurin likita ya ji da kunnensa, don uba yakan karɓi daga bakin likita abin da ba zai karɓa daga bakin 'yarsa ba. Mama kuma ki nuna mata cewa wannan hanyar ce ta fi kusa da abin da take so: ɗanta zai dawo yana kwana a gida, kuma asibiti wajibinsa ne ya riƙe sirrin marar lafiya. Ki ba ta aikin da za ta iya, kamar ajiye magungunansa da ba shi a kan lokaci. Ki kuma roƙe ta ta daina ba shi kuɗi a ɓoye idan tana yi. Wanda zai taimaka, ya biya asibiti kai tsaye.

Sannan ku yi yarjejeniya da shi tun yanzu, yana cikin hayyacinsa, a gaban likita. An bi hanyar da ya zaɓa, shi kuma ya amince da gwajin fitsari, ya amince ya goge lambobin masu sayar masa daga wayarsa. Idan ya zame sau ɗaya ya faɗa da kansa, babu zagi babu gori, likita za a kira a ranar. Idan kuwa ya fara tsallake ranakun asibiti, ko zamewar ta yi ta maimaituwa, ya yarda tun yau cewa zai shiga cibiyar kwana mai izini na wata uku. Ta haka Baba ya san akwai mataki na gaba, shi kuma ya san ba a yi masa kwanton ɓauna ba.

Ke kuma, ƙanwata, ki sauke wani abu. Ki faɗa wa 'yan'uwanki da bakinki abin da za ki iya da wanda ba za ki iya ba: wani ya ɗauki rakiya asibiti, wani ya ɗauki kiran dare, kuɗi a raba. Ki sanar da maigidanki halin da ake ciki don kada abin ya shiga tsakaninku. Akwai tarukan iyalan masu shaye-shaye, irin su Nar-Anon, kuma cibiyoyi da yawa suna da zaman iyali. Ki je, ko ke kaɗai ce. Idan barcinki ko cin abincinki ya fara lalacewa, ke ma ki ga likita.

Kafin a samu ganin likita, kada kowa ya zubar masa da diyazefam ko ya tilasta masa yankewa, amma ki gargaɗe shi cewa haɗa shi da kodin ko tiramadol ko giya shi ne ke tsayar da numfashi, kuma kada ya sha yana kulle a ɗaki shi kaɗai. Ki tambayi likita ko za a ba ku nalokzon ku ajiye a gida, maganin da ke farfaɗo da wanda dangin kodin suka danne wa numfashi. Ba ya aiki a kan diyazefam, don haka ko an ba shi ya farka, asibiti za a nufa. Idan kuka same shi ba ya tashi, numfashinsa na ja a hankali ko yana wani irin minshari, leɓɓansa sun sauya launi, ku kwantar da shi ta gefe ku nemi agajin gaggawa nan take. Idan jijjiga ce, kada a danne shi, kada a sa masa komai a baki, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a juya shi ta gefe idan ta lafa, a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware. Ki koya wa Mama wannan ita ma, tunda ita ce ta fi zama da shi. Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ki lada. Ki sake rubuto mini bayan kun ga likita, mu duba abin da ya ce tare.